Tambayoyin Masu Karatu: Har a sararin samaniya ma akwai talaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Sakkwato ne, ina aikin gadi a wani rukunin gidaje a Lekki. Da dare nakan kalli finafinan Turawa na sararin samaniya a waya. Abin da ya ɗaure min kai, mutane sun ci gaba har sun koma zama a wata duniya, amma har yanzu akwai mai kuɗi, akwai wanda ake kora daga bakin ƙofa. Abokin aikina ya ce tatsuniya ce, in daina ƙona data. Da gangan suke sa siyasa a ciki, ko idona ne?
Mai karatu, Lekki, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gangan ne, kuma idonka lafiya lau yake.

Ɗauki Elysium na 2013. Labarin yana faruwa a 2154. Attajirai sun bar ƙasa, sun gina wa kansu wata unguwa mai siffar zobe da ke shawagi a sama, da lambuna da tsabtatacciyar iska, kuma a gidajensu akwai injin da mutum zai kwanta a ciki ya tashi garau ko da ciwon daji ke damunsa. Sauran jama'a suna nan a Los Anjeles da ta zama kufai. Wani leburan masana'anta ya yi hatsari a wurin aiki, aka miƙa masa ƙwayoyi, aka ce kwana biyar suka rage masa. Magani yana sama, yana hango shi da idonsa, amma injin ba ya yi wa wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa a can sama aiki. Jiragen marasa takardu da suka nufi can kuwa, harbo su ake yi. Kuma ka sani, ƙazantar da ka gani a fim ɗin ta gaske ce: a wata katafariyar bola da ke gefen birnin Meksiko aka ɗauki wuraren.

Ni wanda ya fi kama ni shi ne Alien na 1979. Jama'a na tuna dodon, ni kuma ma'aikatan nake tunawa. Su bakwai ne a jirgin dakon ma'adinai, kuma tun a teburin cin abinci makanikai biyu suke ƙorafin cewa kasonsu bai kai na sauran ba. Daga baya aka gano kamfanin ya bar umarni a asirce: a kawo halittar ko ta halin ƙaƙa, ran ma'aikata ba abin damuwa ba ne. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin ɗan kwangila, ba takardar ɗaukar aiki, ba asibiti, ya san wannan umarnin ko ba a karanta masa ba.

Me ya sa sai a sarari? Saboda a can babu abin da yake kyauta. A nan mai gida zai iya riƙe maka albashi, amma numfashinka ba a hannunsa yake ba. A Total Recall na 1990, gwamnan duniyar Mars shi ke sayar da iska, da wata unguwar talakawa ta ɓoye ’yan tawaye sai ya rufe musu bututun. Kamar a ce mai ruwan da ke turo kura a layinku a Agege shi kaɗai ke da rijiya a duk faɗin duniya, kuma shi ne alƙali.

A wannan shekarar dai, cikin Yulin 1990, gwamnatin soja ta Raji Rasaki a jihar Legas ta ba mutanen Maroko, wata unguwar talakawa, wa'adin kwana bakwai, sannan ta aika motocin rusau. An kiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni. Filin yanzu yana cikin mafi tsada a Legas, kuma ta nan kake wucewa duk ranar da ka fito daga Obalende za ka wurin aiki. Ka faɗa wa abokin aikinka wannan.

Sai dai kada ka ɗauki masu fim a matsayin waliyyai. Neill Blomkamp, ɗan Afirka ta Kudun da ya yi Elysium, shi ne ya yi District 9 a 2009, inda ya tausaya wa baƙin halittu da aka killace a unguwar kwano, amma ya nuna ’yan Najeriya a matsayin ’yan daba masu cin naman halittun. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, sai da ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Wannan ya yi min ciwo, har yau.

Ƙarshen Elysium ma bai gamsar da ni ba. Jarumi ɗaya ya ba da ransa, aka sauya wani abu a kwamfuta, nan take kowa ya zama ɗan ƙasa, jiragen asibiti suka sauko. Ina ma! Mutanen Maroko shekara da shekaru suka yi suna zarya a kotu. Fim ɗin ya iya nuna ciwo, amma wajen magani ya yi sauri, ya tsallake taro da yajin aiki da haƙurin da talakawa ke sha kafin a saurare su.

In datarka za ta kai, nemi The Expanse, shiri mai dogon zango da aka nuna daga 2015 zuwa 2022. A ciki akwai ma'aikatan da aka haifa a cikin duwatsun sarari suna haƙo ƙanƙara da ma'adinai don wasu, ƙasusuwansu ba ƙwari, ana auna musu ruwa. Suna da harshensu, suna da ƙungiyarsu, kuma su ma kansu ba a haɗe yake ba: wasu na son sulhu da masu iko, wasu na son ɗaukar makami. Allah ya tsare ka a bakin aiki.