Ƙasashen da Suka Bi Gwandu: Amsoshin Tambayoyinku kan Tuta, Ƙofa da Lafiyar Toga

Wani ɗalibi daga Jega ya rubuto: "Malam, na ji an ce Ilori da Bida a ƙarƙashin Gwandu suke a da. In zan rubuta wannan da Hausa, lardunan Gwandu zan ce, ko jihohi, ko gundumomi? Kuma su wane ne sauran?"

Ɗana, duk ukun babu wadda za ta yi maka. Bari mu fara da ƙasashen, sa'an nan mu dawo kan sunan.

A 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa ya raba kulawar ƙasa. Gabas ya damƙa wa ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuma ya ba ƙanensa Abdullahi. Rabon Bello shi ne ya ƙunshi Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Bauci, Gwambe, Katagum, Haɗeja da Adamawa, waɗanda kowane ɗan makaranta ya haddace. Rabon Abdullahi, wanda daga baya aka san shi da ƙasar Gwandu, shi ne mutane ba su cika riƙewa ba. Ta kudu akwai Yawuri, da Nufe wadda hedkwatarta ta tsaya a Bida, da Agaye, da Lafai, da Lafiyagi, da Shonga, sai Ilori a ƙasar Yarabawa. Ta yamma, in ka bi Kwara ka hau, akwai Birnin Gaure a Dallol Boso, da Sayi, da Torodi, duk a Nijar ta yau, sa'an nan Yaga da Liftako, wadda babban garinta Dori yake cikin Burkina Faso yanzu. Kada ka sa Kwantagora a jerin, ko da yake a taswira kamar a tsakiyarsu take. Umaru Nagwamatse da ya kafa ta jikan Shehu ne ta wajen Abubakar Atiku, kuma Sakkwato take bi.

To, sunan fa? Lardi daga Larabci aka aro shi, asalinsa ƙasa ke nan kawai, amma a bakin Bahaushe ya kama ma'anar yankin da Razdan yake mulki bayan zuwan Turawa: Lardin Sakkwato, Lardin Ilori, Lardin Neja. Gunduma kuwa tamu ce. Duba yadda ake cewa an yanka nama gunduma-gunduma, wato manyan yanka. Turawa ne suka yanyanka kowace masarauta haka, suka tura hakimai su bar birni su je su zauna a rabonsu. Jiha ita ce auta, ma'anarta ta da ita ce shiyya ko nahiya, sai a 1967 da aka yi jihohi 12 ta samu aikin da take yi yanzu. Duka ukun suna nufin yanki mai iyaka wanda aka tsaga daga sama aka ɗora masa ma'aikaci. Ilori ba haka take ba. Sarkinta a gidansa yake gadon sarauta, yana da alƙalansa, da dakarunsa, da yaƙe-yaƙensa da Ibadan waɗanda Gwandu ba ta da ta cewa a cikinsu. Ka rubuta "masarautun da ke bin Gwandu", ko "ƙasashen Gwandu". Kalmar bi ita ce ta dace, don ita mutanen lokacin suke faɗa: wane yana bin wane.

Wani abu kuma tun da ka tsokano zancen suna. In za ka ce Daular Usmaniyya, ka bayyana wadda kake nufi, don ana kiran ta Turkawan Santambul da wannan sunan ma. Na sha ganin rubutu a intanet da aka cakuɗa su.

Wata malamar firamare daga Bida tana tambaya: "Mene ne ainihin ma'anar karɓar tuta? Yara sun tambaye ni ko irin tutar Nijeriya ce."

Malama, ƙyallen dai ƙyalle ne a kan sanda, amma aikinsu ya sha bamban. Tutar Nijeriya alamar ƙasa ce. Waccan kuwa izini ce. Malami zai taso daga garinsu da jama'arsa, ya zo ya yi mubaya'a, a yi wa tuta addu'a a miƙa masa, ya koma ya yi jihadi a yankinsa da sunan wanda ya ba shi. Daga ranar nan ya zama mai tuta, kuma hannun da ya miƙa masa ita, shi zai bi, shi da zuriyarsa. Da wannan ake gane wa ke bin wa, ba da kusancin gari ba. Abdussalami ɗan Alimi na Ilori daga Gwandu ya samu tasa, haka ma Daudu Maza na Lafai. Gidan Malam Dendo, wanda ya haifi Usman Zaki da Masaba, kakannin sarakunan garinku, Gwandu suke kai ƙara in rigima ta tashi. Sarkin Gwandu Halilu da kansa ya sauko ƙasar Nufe a 1841 saboda faɗan 'yan'uwan nan, ya tabbatar da Masaba, ya tafi da Usman Zaki.

Ki gaya wa yaran kuma ba kowa ne ya shiga da tuta ba. Sarkin Yawuri Bahaushe ne mai tsohuwar sarauta, ya kai caffa, aka bar masa gadonsa. Irin wannan zaman shi ake kira amana: ba a yaƙe ka, kai kuma ba ka taimaki abokin gaba. Har yau in aka ce wane ya ci amana, nauyin kalmar bai ragu ba.

Daga Zariya: "Malam, a wani rubutu na ga an ce Waziri shi ne ƙofar Kano a Sakkwato. Mutum ne ƙofa?"

Ƙwarai kuwa. Sarki ba ya isa gaban babban sarki kai tsaye. Akwai bafaden da aka ba shi, wanda wasiƙarsa za ta fara sauka a hannunsa, manzanninsa su kwana a gidansa, kyautarsa ta bi ta zaurensa kafin ta isa fada. Shi ne ƙofarsa. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano da ta garinku Zazzau, kuma shi ke zuwa da takardar naɗi in an yi sabon sarki. Gwandu ma tana da nata masu wannan aiki ga ƙasashenta. Ma'anar ba ta mutu ba. Mai neman aure yakan ce ya samu ƙofa a gidan, mai neman kwangila ma haka.

Wani ɗan kasuwa daga Gaya ta Nijar ya ce: "Me ya sa ake cewa sarakuna suna kai gaisuwa Gwandu? Ai haraji ne, a kira shi da sunansa mana."

Alhaji, ka taɓo inda nake so. Haraji shi ne abin da aka yanka wa talaka, yana da adadi, yana da mai karɓa, in bai biya ba a kama shi. Gaisuwa kuwa abin da na ƙasa ke riƙowa in zai je gaban na sama. Bahaushe ba ya zuwa gaban babba hannu rabbana, shi ya sa kalma ɗaya ta ɗauki sallamar baki da kayan da ke biye da ita. Sarki bai yarda a ce yana biyan haraji ba, don zai zama talaka ke nan. Amma gaisuwa ba ta rage masa girma.

Ka ƙiyasta ayarin Bida yana shiga Gwandu. Ga dilolin riguna saƙar Nufe, ga tasoshin tagulla da maƙeran Bida suka yi suna da su, ga huhunan goron Laboji wanda sarakuna ke ji da shi, ga kesunan wuri, kowane keso zambar 20. Sai kuma bayi a ɗaure, waɗanda aka kamo a hare-haren kudancin Kwara, don kada mu yi wa tarihi kwalliya. Duk wannan sunansa gaisuwa.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne, ba ganin dama ba ce. Wanda ya daina aikowa an san ya yi tawaye. Sai dai laushin kalmar ya bar wata kafa: tun da ba a yanka adadi a bainar jama'a ba, mai ƙarfi yakan aiko abin da ya ga dama. A zamanin Masaba, Bida ta samu bindigogi ta hanyar ciniki da Turawan da ke hawowa Kwara, ta fi uwargijiyarta dukiya da dakaru nesa ba kusa ba. Har ta kai sarakunan Gwandu su ne ke tasowa rangadi zuwa Nufe don karɓar abin da a da ake kawo musu har gida. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. A asali karin maganar tana nufin dangantaka ba ta rayuwa sai da ziyara, amma ban san inda ta zauna daram kamar nan ba, inda babba ne ya koma yin tattakin.

Tambaya daga Birnin Kabi: "Ko ƙasashen Gwandu su ne Banza Bakwai?"

A'a. Na san abin da ya jawo ruɗanin: Kabi, Yawuri, Nufe da ƙasar Yarabawa suna cikin jerin Banza Bakwai, kuma duk sun faɗo a rabon Abdullahi. Amma jerin yana da Zamfara, da Gwari, da Kwararrafa, waɗanda ba ruwansu da Gwandu, kuma babu Sayi ko Liftako a ciki. Wancan jeri na labarin Bayajida ne, wannan kuwa tsarin mulki ne na ƙarni na 19 mai wasiƙu da hatimi. Banza a nan ana nufin waɗanda ba 'ya'yan Bawo ba ne. Kalma ce ta mai ba da labari yana fifita gidansu, ban ga dalilin da zai sa a riƙa jifan Kanta na Kabi da ita ba, mutumin da ya tsaya wa Askiya na Sanwai.

Na ƙarshe, wani dattijo daga Kamba: "Mun taso muna jin Lafiyar Toga a bakin iyayenmu. Wane ne Toga, kuma me ya sa aka ce lafiya ba sulhu ba?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Toga laƙabin Sarkin Kabi Abdullahi ne, wanda ya yi sarauta a Argungu. Abin da ya kai ga lafiyar tasa doguwar wahala ce. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi tun 1805, amma Kabawa ba su taɓa kwantawa ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tawaye, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya, sai hanyar da ta haɗa Gwandu da Sayi da Liftako ta zama abin tsoro. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya sauka a Gwandu a 1853 kafin ya wuce Sayi da Dori, ya tarar da ƙasar cikin wannan hali. A 1860 Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a fagen fama. Ka ga ƙasar da ake jin umarninta har Ilori, amma maƙwabcinta na kusa ya hana ta barci. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. A shekarun 1860 ne aka daidaita da Toga, aka yarda Argungu ta ci gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Shekaru kaɗan aka samu, yaƙi ya sake ɓarkewa, ya ci gaba har zamanin Sarkin Kabi Sama'ila.

Sulhu aikin manya ne, zama ne da ake yi a ƙulla magana, kuma kalmar aro ce daga Larabci da ta fi zama a bakin malamai da alƙalai. Lafiya ita ma aro ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida, kuma ta fi faɗi: lafiyar jiki, lafiyar hanya, lafiyar gari. Talaka bai halarci zaman sulhu ba. Abin da ya gani shi ne ya yi noma a gonar da ke nesa da ganuwa, ya kai kifi kasuwa ya dawo ba a kama shi ba. Abin da ya gani ɗin ya raɗa wa suna, ya jingina shi ga sarkin da aka samu abin a zamaninsa, yadda ake jingina yunwa ko annoba ga shekararta.

Sauran ƙasashen kuwa ba Kabawa ne suka raba Gwandu da su ba. A farkon 1897 sojojin Kamfanin Neja na Turawan Ingila, wanda Goldie ke shugabanta, suka ci Bida, suka wuce Ilori. Faransawa suka shiga Sayi da Dori, yarjejeniyarsu da Ingila ta 1898 ta tabbatar musu da yammacin. Gwandu kanta ta miƙa wuya a 1903, aka sa ta cikin Lardin Sakkwato. Bayan tawayen da aka yi wa Turawa a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, fadar ta tabbata a Birnin Kabi, shi ya sa har yau Sarkin Gwandu ke zaune a tsohon birnin Kabawa, Sarkin Kabi kuma yana Argungu.