Alhaji, sunan wa ke jikin katin?

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Malam, ina shirin zuwa Guangzhou sarin kaya, zan yada zango Dubai kwana uku. Jarina dala 15,000 ne. Ɗan yayana da ke karatu a Ingila ya ce in tura masa ya zuba a katin nan mai ɗaukar kuɗin ƙasashe da yawa, ya aiko mini da shi. Ya ce har 'yar riba za a ci in ana juya kuɗin tsakanin dala da fam. Wane kati ya fi sauƙin caji?"

Alhaji, caji ka tambaya, amma ni ba nan idona ya tsaya ba. Sunan wa zai kasance a jikin katin? Na yaron. To daga ranar da kuɗinka ya faɗa ciki, a idon kamfanin da hukumar Ingila ba ka da ko sisi. Ban ce yaron ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Ko waliyyi ne, matsalar tana nan. Kamfanoni irin su Wise da Revolut mazauna ƙasashen da suke aiki suke ba kati, kuma sharaɗinsu mai kati shi kaɗai zai yi amfani da shi. Yanzu ɗalibin da bai saba riƙe kuɗi mai yawa ba, kwatsam dala 15,000 ta shigo masa, bayan mako biyu a ga ana kashewa a Dubai da Sin alhali wayarsa tana Ingila. Me kake tsammani kwamfutarsu za ta yi?

Na ga wannan da idona. Wani mai sayar da kayan waya ya bi wannan hanyar da katin ƙaninsa. Kwana biyu da saukarsa Guangzhou aka rufe katin, aka ce mai asusu ya turo hotonsa da shaidar inda kuɗin ya fito. Ƙanin ba shi da wata takarda, domin ta hannun ɗan canji aka tura, shi kuma ba rasit. Bawan Allah nan ya zauna a masauki yana cin bashin 'yan'uwa 'yan kasuwa har bizarsa ta kusa ƙarewa, ya dawo hannu rabbana. Kuɗin ya fito daga baya, amma kakar cinikin sallah ta wuce, kuma har yau gaisuwarsu da ƙanin sama-sama ce.

Maganar ribar juya kuɗi kuwa, don Allah a bar ta. Kai mai sayar da yadi ne, ba ɗan canjin Wapa ba. Duk juyi ɗaya akwai abin da ake gutsura. A ce kashi 2 cikin 100 ne, a jarinka dala 300 ke nan, tun ba ka taɓa ko yadi ɗaya ba. Kuma me ya haɗa ka da fam? Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, wajen 3.67, kamar yadda riyal ɗin Saudiyya yake 3.75. Masu kaya a Sin ma sun san lissafin dala. Ka riƙe dala kawai.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ka je bankinka ka buɗe asusun dala da sunanka, su ba ka kati, Visa ko Mastercard. A shekarar 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce kuɗin guzurin matafiya da bankuna ke sayarwa ta kati za a riƙa bayarwa, ba tsaba ba, don haka hanyar a buɗe take. Kafin ka karɓa ka sa su rubuta maka iyakar abin da za ka iya cira a rana, da cajin kowane cira a waje, da lambar da za ka kira da tsakar dare in katin ya maƙale. Wanda ya ce maka "babu caji", tambaye shi farashin da yake canzarwa, a nan yake ɓoye nasa.

Sai dai ka sani, kati na guzuri ne: masauki, abinci, mota. Ba da shi ake sarin kwantena ba. A Sin kusan kowa manhajojin biyan kuɗi ta waya, Alipay da WeChat Pay, yake karɓa. Za ka iya haɗa katinka da su, amma duk cinikin da ya haura yuwan 200 na kuɗin Sin ana ɗora kashi 3 cikin 100, wato dala 450 in ka ce jarinka duka ta nan zai bi. Kuɗin kaya ya tafi ta banki zuwa asusun kamfanin da ka saya a wurinsa, da takardar farashi da Form M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki), yadda gobe in an yi gardama kana da abin nunawa.

A kati ka zuba kamar dala 2,000, ka riƙe wata 'yar tsaba a aljihu daban. Masaukai kan riƙe wani abu a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo, ka sa wannan a lissafi. In na'urar cirar kuɗi a Dubai ta tambaye ka ko ta yi maka lissafi da dala, ka ce a'a, ka zaɓi dirhami, domin nata farashin ya fi tsada. In kuma tsabar hannunka ta haura dala 5,000, sai ka bayyana wa kwastan lokacin shiga Sin.

Ɗan yayan naka kuwa, ka yi masa godiya, ka ce ka riga ka shirya da banki. Kada ka tura masa ko dala ɗari da sunan gwaji.