Sayar da kek ɗin gida ba tare da lasisin gidan abinci ba

Malama, kin tambaya ko doka za ta bar ki ki sayar da kek da biskit ɗin da kike gasawa a kicin ɗinki. Ya danganta da inda kike, amma yawancin dokokin abu ɗaya suke dubawa: shin abincin zai lalace in ba a sa shi a firiji ba? Burodi da biskit galibi ana ƙyale su. Nama, kifi da kek mai kirim ɗin madara kuwa, nan ake tsaurarawa, kuma a ganina da gaskiyarsu, domin ƙwayoyin cuta sun fi saurin hayayyafa a cikinsu.

Wannan sassaucin ma sai da aka yi fafutuka. A Amurka, jihar Kalifoniya ta yi dokarta a 2012, jihar Wayomin ta buɗe ƙofa sosai a 2015, ita kuwa jihar Niyu Jazi sai 2021 ta sakko, bayan masu gashin gida sun maka ta a kotu.

Kada ki raina takardar jikin leda. Rubuta sunanki, kayan haɗi, musamman ƙwai, alkama da madara saboda masu borin jini, da cewa a gida aka yi. Wasu wuraren suna ƙayyade cinikin shekara, sai ki tambayi hukumar lafiyar yankinku tun kafin ki karɓi oda.