Ƙanena mai son zuwa Jamus kan aikin ciro asid daga ruwa

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga saƙonka, ka ce ka gama kemistiri a jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma kana son ka zo nan Jamus ka yi mastas kan ciro asid irin su laktik da sitirik (tsamin lemun tsami) daga ruwa, wai ko akwai gaba a wanga fanni. Akwai sosai wallahi.

Laktik ɗin nan dai shi ne tsamin nonon da ake dama maka fura da shi a Sakkwato. Ƙwayoyin bakteriya ke yin sa, shi kuma shegen son ruwa gare shi, raba su ne wahalar. Tsohuwar hanya a zuba farar ƙasa ya kama, a sake shi da asid ɗin salfurik, sai ka tashi da kusan tan ɗaya na jifsam (farin gari irin na filasta) kan kowane tan na laktik, tsibin shara kawai. Shi ya sa ake narkar da amin (sinadari mai kama asid) irin TOA, wato trioctylamine, cikin mai irin oktanol ko kananzir, a girgiza da ruwan, amin ɗin ya cafke asid ɗin ya hau da shi ɓangaren mai. Amma sai pH (ma'aunin tsami, yana sauka in tsami ya ƙaru) ya sauka ƙasa da 3.86 yake kamawa da kyau, su kuma ƙwayoyin sun fi son wajen 6, ga amin ɗin guba ne gare su, to ka ga rigimar, nan duk binciken yake. Bayan haka kuma sai ka ƙwato asid ɗin da ruwan zafi ko soda, ni wannan ya fi cinye min lokaci a lab.

Shawarata kada ka zauna jiran biza. Mazurarin raba ruwa da mai, buret (bututun awon ruwa) da NaOH (soda) sun isa ka fara, gwada man gyaɗa a madadin oktanol ka gani. Ka riƙa rubuta zafin ɗaki kullum fa, don kamun yana raguwa in an yi zafi, kai ka san Afrilun Sakkwato.

Furofesa a nan ya fi saurin amsa imel mai ɗauke da sakamako. Ka nemi tallafin karatu na DAAD (hukumar Jamus) ko PTDF (asusun Najeriya) da wuri, in babu tallafi sai ka kulle sama da yuro 11,000 a akawun kafin a ba ka biza. Turo min takardunka in duba, ka gaida su Inna.