Akwatin Tambaya: Kwali Shida Da Aka Ce Lemo Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban bas ne, ina jigila tsakanin Kaduna da Kano, kuma kamar kowane direba ina karɓar saƙo. Mako biyu da suka wuce wani mutum ya ba ni kwali shida a Kawo, an naɗe su da salatif tam, ya ce lemon kwalba ne, ya biya ni kusan ninkin abin da aka saba. Sai da na zo saukewa a Sabon Gari gindin kwali ɗaya ya ɓarke, na ga ashe giya ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yanzu ya sake kirana, wai duk mako zai riƙa ba ni. 'Ya'yana biyar, motar ba tawa ba ce, balas nake kaiwa. Ina da laifi a kan wanda ya wuce? Me doka ta ce? Daga wani direba, Unguwa Uku.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kiyaye hanya, ya raya zuri'a.

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan benci a tasha ina rubuta rasit ɗin saƙo kafin na koma aikin jarida, don haka wasiƙarka ba labarin nesa ba ce a wurina. Na san yadda ake yi. Mota ta kusa cika, ɗan kamasho yana ƙwala kira saura mutum biyu, fasinja sun fara ƙorafin zafi, sai ga wani da kwalaye a baro yana cewa sauri yake. Wa ke da lokacin yanka salatif a wannan hali? A daidai wannan minti biyar ɗin ake cutar direbobi, kuma masu yi sun san haka, shi ya sa ba sa zuwa da sassafe lokacin da mota ke wayam.

Bari na fara da abin da ya fi damunka. Wanda ya wuce, ba da saninka ka ɗauka ba, yaudararka aka yi, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da ya yi cikin kuskure ba da ganganci ba. Na gaba shi ne abin dubawa, domin yanzu ka sani. Hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya bai tsaya a kan mai sha da mai sayarwa ba, ya ambaci mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa. Mai ɗauka a yau kai ne da sitiyarinka. Kuɗin da ka riga ka karɓa kuwa, ni da ni ne da na cire su daga cefanen gida na miƙa wa mabuƙaci, amma ka zauna da malamin unguwarku ya warware maka wannan dalla-dalla.

Sai doka. A dokar tarayya giya haja ce da ake yi wa rajista a NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ake biya mata haraji, ake sayar da ita da lasisi a jihohin da suka yarda. Kano ba ta ciki. Tun 2000, zamanin mulkin Kwankwaso na farko, jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka. A 2004 kuma, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka yi wa dokar hukunta laifuka ta jiha, wato final kod, gyara, aka haramta yin giya da sayar da ita da ajiye ta da dakonta, kuma wannan gyaran bai ware Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Hukuncin tara ne ko ɗauri. Ka riƙe kalmar dako da kyau, domin ita ce ta shafe ka kai tsaye. Ba sai an gan ka kana sha ko kana ciniki ba, ya isa a buɗe but a same ta.

Kuma ba doka ce da ke barci a takarda ba. A Nuwamban 2013 Hisba ta farfasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a. A Nuwamban 2020 ta lalata kwalabe 1,975,000 a Kalebawa ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. A Fabrairun 2022 adadin ya haura miliyan uku da dubu ɗari takwas. Da yawan waɗannan kwalaben a cikin mota aka kama su, a kan hanyoyin shigowa gari. Idan aka tsayar da kai a wajen Kwanar Dangora ko Na'ibawa, mai kayan yana Kaduna wayarsa a kashe, wanda zai karɓa ya ce bai san zancen ba. Kai ne a hannu, da motar mutane. Ko da daga baya kotu ta gane yaudararka aka yi, kwana nawa motar ta yi a tsaye? Wa zai kai balas na waɗannan kwanakin? Mai mota zai sake ba ka makulli? Ninkin kuɗin da ya ba ka, kuɗin wannan haɗarin ne, kuma ya saye shi da araha.

Ga wani abu da na lura da shi a tasha. A garuruwan da doka ta halatta, mai jigilar giya ta gaskiya ba ya ɓoye ta. Tana tafiya a cikin kiret ɗinta ko kwalin kamfani mai suna ɓaro-ɓaro, kowace kwalba da ɗakinta don kada su gogi juna, da takardar kaya mai ɗauke da sunan dila da adadi da inda za a sauke, kuma wanda zai karɓa mai lasisi ne. Duk wanda ya zare ta daga kwalinta ya zuba a na taliya ko na sabulu, ya laɓe ta da salatif har ba a ganin rubutu, ya riga ya gaya maka cewa ya san inda za ta ba a yarda da ita ba. Ba kwalba kaɗai ba ma. Tun da NAFDAC ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana giyar leda da ta ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, ka ƙara sa ido a kan ƙullin da ba ya ƙara, domin irin wannan ba ta ƙarar kwalba balle kunne ya tona ta, a buhu ma sai ta shige kamar omo.

Abin da nake ba ka shawara ka mayar ɗabi'a daga gobe: saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ba ya hawa motarka. Ka ajiye reza da salatif naka a gaban mota. Mai kaya ya buɗe da hannunsa, ka gani, a sake naɗewa, minti biyu ne. A rubuta a rasit abin da ke ciki da sunansa na ainihi, ba "kaya" ko "kwali 6" ba, da lambar wayar mai aikowa da ta mai karɓa, kuma ka kira lambar mai aikowar nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙon ya bi ta teburin ƙungiyar direbobi, kada ka karɓa a bakin titi bayan ka fita daga tasha, domin ranar da magana ta tashi littafin ƙungiya ne shaidarka. Wanda ya ce ba za a buɗe ba saboda sirri ne, ka ce masa Allah ya haɗa shi da wata motar. Wasu za su ji haushi, na sani. Na sha zagi a kan wannan, har wata rana wani ya ce mini ko ni ɗan kwastan ne. Amma masu aiko da shadda da magani da kilishi ba su taɓa ƙin buɗewa ba.

Mutumin nan kuwa, kada ka yi rigima da shi. Ka ce masa ba ka ɗaukar irin wannan kayan, ka sanar da shugaban reshenku don kada ya juya kan wani ɗan'uwanka direba da bai sani ba.

TAMBAYA: Malam, ina haɗa turare a gida, humra da na fesawa, ina aika wa kwastomomi Abuja da Legas, yanzu ma wata a Ingila tana so. A na fesawa ina sa sifirit. Sau biyu kwalabe suna tsiyayewa a hanya, sannan wani kamfanin aika saƙo ya ƙi karɓar kayana wai suna da giya. Ni ba giya nake sayarwa ba. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, Gwammaja.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba giya kike sayarwa ba, gaskiyarki, turare kuma a fili ake cinikinsa a Kano. Abin da ya haɗa su shi ne sinadarin itanol, wanda ke cikin sifirit ɗin turare, kuma kamfanin ba maye yake tsoro ba, gobara yake tsoro. Itanol yana fara fitar da tururin da ke kama wuta tun daga zafin digiri 13, mu kuwa a watan Afrilu muna kaiwa 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota da ta yini a rana.

Wannan zafin ne kuma ke sa miki tsiyaya. Itanol yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma. Jarka mai lita 25 da aka cika da safe, idan ta ɗumama da digiri ashirin, ta ƙaru da kusan rabin lita, kuma dole ya nemi mafita. Na taɓa ganin haka da idona. An kawo mana kwalin turare daga wata unguwa, an cika kwalaben har baki don kwastoma ya ga ba a yi masa ƙwange ba, aka ɗora kwalin a kan dilar shadda ta kayan lefe. Kafin a isa, murafe uku sun saki. Farar shaddar nan ta sha mai ta yi taswira launin zuma, mai lefen ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ƙamshi kuwa ya yi wata guda bai bar motar ba. Har yau idan na ji irin wannan ƙamshin sai na tuna fuskarsa.

Saboda haka ki bar sarari a wuyan kowace kwalba, kamar faɗin yatsa. Ki sa toshiyar roba ta ciki kafin murfi, ki ɗaure murfin da salatif, ki kifa kwalbar a kan farar takarda ta kwana, da safe ki duba ko ta yi tabo. Kowace kwalba ta shiga ledarta a ƙulle, a naɗe ta da soso ko ledar nan mai ƙurajen iska, su tsaya a tsaye, da guntun kwali tsakanin kowace biyu. Ƙasan kwalin ki shimfiɗa tsumma ko auduga da za ta shanye idan an samu akasi. Kwali mai kauri biyu za ki nema, ba ragowar na biskit da ya sha damshi ba. Idan kin gama ki girgiza shi kusa da kunnenki, in kin ji motsi ko ƙarar gilashi, da sauran aiki. Ki rubuta a jiki cewa turare ne, mai fashewa, mai kama wuta, ki zana kibiya ta nuna sama, kuma ki roƙi direba kada ya ajiye shi kusa da jarkar fetur ko kan inji.

Sifirit ɗin da kike saye, ki karɓi rasit, ki bar takardar jikin jarkar yadda take. Jarka marar suna cike da farin ruwa mai warin barasa tana jawo tambayar da ba ki da buƙatarta a shingen bincike. Ki kuma tabbata itanol ne aka ba ki, ba metanol ba, wanda guba ne da ke makantar da mutum.

Maganar Ingila ta fi tsauri. A ƙa'idar sufurin jiragen sama, turare mai sifirit yana aji na 3 na kaya masu haɗari, lambarsa UN 1266, kuma gidan waya ba ya ɗaukar ruwa mai kama wuta zuwa ƙasar waje. Kamfanin da zai karɓa sai wanda ke da izinin jigilar irin waɗannan kaya, da kwali da takardu na musamman, kuɗin kuma ya kan fi ƙarfin ƙaramin oda. Kada wani ya ba ki shawarar ki rubuta "man shafawa" don ya wuce. Idan aka gano, za a ƙwace kayan, sunanki kuma ya ɓaci a wurin kamfanin.

Hanya biyu nake gani. Ko ki haɗa mata turaren mai zalla da turaren wuta, waɗanda ba sifirit a ciki, ki faɗa wa kamfanin ainihin abin da ke ciki su duba. Nan ki lura da humrarki, domin idan kina zuba mata turaren ruwa na kanti, to ita ma tana da sifirit. Ko kuma idan 'yar'uwarta za ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ta tafi mata da kaɗan a matsayin kayan amfanin kai. A jakar hannu kwalba ba ta wuce mililita 100, a babbar jaka kuma kowace kwalba kada ta haura rabin lita, duka-duka kada su wuce lita biyu, har da sauran turarukanta da man gashi na fesawa. Ki ba ta kayan a buɗe ta gani da idonta kafin ki naɗe, domin ita za a tambaya a kanta ko ita ta shirya jakarta.