Na Koma Babban Reshe, Rumbun Bayanai Ya Ƙi Biyo Ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon shirya manhaja da Django, ina adana aikina a Git, rumbun bayanaina kuma PostgreSQL ne. Na buɗe sabon reshe (branch, wato layin aiki na dabam a Git) mai suna `rajista`, na rubuta fayilolin ƙaura (migration, wato umarnin sauya tsarin teburorin rumbu) biyu a cikinsa: na 0008 ya sauya sunan gurbin `suna` zuwa `cikakken_suna` a teburin ɗalibai, na 0009 kuma ya ƙara gurbin lambar rajista wanda ba a yarda a bar shi fanko ba. Na gudanar da su, komai ya yi daidai. Da na koma babban reshe domin wani gyara na gaggawa, sai manhajar ta ce babu gurbin `suna`. Ashe Git ba ya mayar da komai yadda yake? Yaya zan yi?
— Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Git bai yi miki kuskure ba, iyakar abin da aka damƙa masa ya mayar. Tun da Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, aikinsa shi ne bin diddigin fayilolin da aka sa a hannunsa. Rumbun bayananki kuwa wata manhaja ce mai zaman kanta, tana da nata ma'ajin, ba ta ma san kin sauya reshe ba. Saboda haka lokacin da kika koma babban reshe, rubutun manhajarki ya koma yadda yake kafin 0008, amma teburin ɗalibai yana nan a siffar da 0009 ya bar shi. Tsohon rubutu yana neman `suna`, tebur kuma ba shi da abin da ya wuce `cikakken_suna`. Ko da kin warware wannan, wata matsalar tana jiranki a gaba: duk ɗalibin da kika yi ƙoƙarin ƙarawa daga babban reshe, rumbun zai ƙi karɓarsa, domin tsohon rubutu bai san da lambar rajista ba, balle ya cike ta.

Yana da kyau ki san inda Django yake ajiye tarihin wannan aiki, domin nan ne ruɗanin yake. Akwai tebur a cikin rumbun da kansa mai suna `django_migrations`, inda ake rubuta sunan duk ƙaurar da aka gudanar da lokacin da aka yi ta. Sunan kawai ake rubutawa. Bayanin yadda za a warware ƙaurar, wato a mayar da `cikakken_suna` ya koma `suna`, yana cikin fayil ɗin 0008, shi kuwa fayil ɗin Git ya ɗauke shi daga gabanki a daidai lokacin da kika bar reshen. Wannan ne ya sa ba za ki iya warwarewa daga babban reshe ba. Abin da ya fi ɓatar da mai koyo shi ne idan kika duba `showmigrations`, umarnin da ke jera fayilolin ƙaura, a can, za ki ga jerin ya tsaya a 0007, kowanne da alamar an gama, kamar babu abin da ya faru. A wannan wajen Rails, wani tsarin shirya manhaja irin Django, ya fi faɗin gaskiya, domin `db:migrate:status` yakan nuna lambar ƙaurar tare da cewa babu fayil ɗinta. Alembic kuma, wani kayan aikin gudanar da ƙaura, yakan tsaya cak ya ce bai gano bugun da rumbun yake kai ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ki adana abin da kika fara a babban reshe da `git stash` idan ba ki gama shi ba, ki koma da `git switch rajista`, sannan ki ba da umarnin `python manage.py migrate dalibai 0007`, inda `dalibai` yake sunan sashen manhajarki (app) mai ɗauke da teburin ɗalibai. Django zai ga cewa rumbun yana gaba da lambar da kika ambata, sai ya warware 0009, sannan 0008, daga na ƙarshe zuwa na farko. Bayan haka sai ki koma babban reshe. Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce a warware kafin a bar reshe, tun fayilolin suna hannu.

Akwai gajeriyar hanya da za ki ji wasu suna ba da shawararta, wato a goge layukan 0008 da 0009 daga teburin tarihi, ko a yi amfani da `--fake`. Ina roƙonki kada ki bi ta. Littafin tarihi kaɗai take gyarawa, teburin ɗalibai yana nan yadda yake; ranar da kika dawo reshen `rajista`, Django zai yi ƙoƙarin sauya sunan gurbin da aka riga aka sauya, ya kasa, ke kuma ki rasa inda gaskiya take tsakanin littafi da tebur.

Sai dai ki lura, warwarewa siffar tebur take mayarwa, ba ta mayar da abin da ke ciki. Idan aka warware 0009, gurbin lambar rajista zai tafi da duk lambobin da kika shigar domin gwaji. Ƙaurar da ta goge gurbi kuma, idan aka warware ta, gurbin zai dawo amma bayanan da ke cikinsa sun tafi ke nan. Wadda kuma aka rubuta da `RunPython`, wato mai gudanar da rubutun Python da mutum ya tsara da kansa, ba tare da an tanadar mata hanyar komawa ba, Django zai ƙi warware ta gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin warwarewa ta dace da mai sauya reshe jefi-jefi, amma ga wanda yake kai da komo sau da yawa a yini, wahala ce da ba ta da dalili.

Abin da ni nake yi shi ne in ba duk reshen da zai taɓa tsarin teburori nasa rumbun. A PostgreSQL umarni ɗaya ya isa: `createdb -T dalibai dalibai_rajista` zai yi kwafin rumbun mai suna `dalibai` da duk abin da ke cikinsa, da sharaɗin babu wata manhaja da ke haɗe da na asalin a lokacin, don haka ki fara tsayar da sabar gwajinki. Mai amfani da rumbun SQLite kuwa fayil ɗaya ne kawai zai kwafa. Sai ki sa manhajar ta riƙa karanta sunan rumbun daga fayil ɗin saituna wanda Git ba ya bin sa. Idan kika haɗa wannan da `git worktree`, wanda ya shigo Git a bugu na 2.5 a 2015, kowane reshe zai samu jakarsa da saitunansa da rumbunsa, ba sai kin warware komai ba.

Duk wannan bayani a kan rumbun da ke kwamfutarki ne. Rumbun da kuke tarayya da abokan aiki, ko wanda jama'a suke amfani da shi, ba a warware masa ƙaura don mutum ɗaya ya sauya reshe. Idan an yi kuskure a can, sabuwar ƙaura ake rubutawa ta gyara shi.

Tambaya: Malam, ba za a iya sa Git ya riƙa warware ƙaurar da kansa ba duk lokacin da aka sauya reshe?
— Wani mai karatu

Amsa: Malam, tunanin yana da kyau, amma akwai cikas. Git yana ba da damar a maƙala ƙaramin shiri mai suna `post-checkout`, sai dai yana tashi ne bayan an riga an sauya fayilolin, kuma babu takwaransa da ke tashi kafin sauyin. Ana iya dabarar ciro tsofaffin fayilolin, tunda Git yana miƙa wa shirin lambar inda aka baro da ta inda aka iso, amma ban so shirin da zai goge gurbi da bayanansa ba tare da ya tambaye ni ba. Nawa shirin gargaɗi kawai yake yi: yana kwatanta jakar ƙaura ta rassan biyu da `git diff`, idan ya ga bambanci ya rubuto mini sunayen fayilolin a allo, ni kuma in yanke shawarar warwarewa ko sauya rumbu.