Na gina libcurl, amma gcc ya ƙi haɗa shi da manhajata

Tambaya: Na gina libcurl, laburaren aikawa da karɓar bayanai ta intanet, da kaina a Linux, na girka shi a /opt/curl, komai ya tafi daidai. Da na zo haɗa shi da manhajata sai gcc ya ce "undefined reference to curl_easy_init". Na matsar da -lcurl, yanzu kuma SSL_connect da inflate yake nema. Ina matsalar take?

Amsa: Ginin da ka yi lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen haɗawa.

Mai haɗa fayiloli, wato ld, daga hagu zuwa dama yake bin umarninka. Idan ya iso kan fayil mai ƙarewa da .a, wato laburaren da ake cusawa cikin manhajar kanta, abin da aka riga aka nema kaɗai yake ɗauka, sauran ya wuce, kuma ba ya komowa baya. Shi ya sa idan -lcurl ya riga main.c zuwa, a lokacin babu wanda ya nemi curl_easy_init tukuna. Mai nema a gaba, mai bayarwa a baya:

gcc main.c -I/opt/curl/include -L/opt/curl/lib -lcurl -lssl -lcrypto -lz -o app

Ƙorafi na biyu ya nuna libcurl.a kake haɗawa. Fayil ɗin .a ba ya ɗauke da sunayen laburaren da ya dogara da su, don haka kai za ka kawo su: SSL_connect yana cikin libssl, ita kuma tana buƙatar libcrypto a bayanta, inflate na zlib ne. Ban so ka riƙa rubuta jerin da hannu, domin yana canzawa da abin da configure, shirin da ke duba kwamfuta kafin gini, ya tarar a kwamfutar ranar ginin, misali nghttp2 ko brotli. Saka /opt/curl/lib/pkgconfig cikin PKG_CONFIG_PATH, sannan ka bar pkg-config --static --libs libcurl ya fitar da jerin. Kar ka manta da --static.

Idan ka sake gini da libcurl.so, wato laburaren da ake lodawa sai lokacin kunna manhajar, wannan ƙorafin zai ɓace, amma wani na jiranka lokacin kunna manhajar: "cannot open shared object file". Dalili shi ne -L na lokacin haɗawa ne kaɗai. Ƙara -Wl,-rpath,/opt/curl/lib, ko ka rubuta hanyar a wani fayil cikin /etc/ld.so.conf.d ka kira ldconfig. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne manhajar ta tashi shiru da tsohon libcurl.so.4 na tsarin, kana zaton naka ne. Duba da ldd app ka ga wanne ta ɗauka.

A Windows kuma, in za ka haɗa libcurl kai tsaye cikin manhajar, ayyana CURL_STATICLIB kafin curl.h, in ba haka ba za ka ga sunaye masu farawa da __imp_ sun ɓata. Ka kuma ƙara ws2_32 da crypt32.